Tukunyar da Kawu ya binne a ƙarƙashin gado

Ranar da Kawu ya rasu na ga abin da ban taɓa gani ba a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan. Mutanen da suka yi shekara ashirin da ɗoriya ba su amsa sallamarsa da sakin fuska ba, su ne suke turereniya wajen ɗaukar makara, har hular wani dattijo ta faɗa kwata. Ina tsaye jikin bango ina kallonsu, ina cewa a raina: ku ɗauka da kyau, ai kun daɗe da binne shi, yau gawar kawai kuka zo rakiya.

Wadda kukanta ya shige ni ita ce wata Bayarabiya, Iya mai amala, tuwon garin doya, ta unguwar Mokola. Ta shigo ba ko takalmi, ta zube gaban Inna, matar Kawu, tana "Ye! Baba mi o!" Shi ya haƙa kabarin mijinta a shekarar da ba ta da ko sisi, da ta kawo masa ɗan abin hannu kuma ya ce ta koma ta sayi garin doya da shi. Ita kuwa Inna ko hawaye ba ta yi ba. Tana zaune da carbi, duk wanda ya ce Allah ya jiƙansa sai ta dube shi sosai kafin ta ce amin, kamar mai duba goro ko da tsutsa.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne taubashina, ɗan wan Kawu, wanda duk unguwa ke kira Alhaji. Dillalin kayan tarihi ne, gumaka da tsofaffin duwatsun ado, yana sayar wa Turawa da masu kuɗin Ikko. Yana kuka yana fyace hanci da bakin babbar riga, amma na lura da idonsa. Ba gawa yake kallo ba, daɓen ɗakin Kawu yake aunawa.

Ni ɗan ƙanwar mamacin ne, goro nake sayarwa a tebur kusa da masallaci. Bokona na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshe ba, don ranar da aka fara lissafi na tuna ina da uzuri. Rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka. Amma masu ilmin unguwar nan sun yi shiru a kan Kawu shekaru da yawa, to bari jahilin ya rubuta.

Kawu a Sabo aka haife shi, amma yana saurayi ƙafa ta ja shi. Ya bi motocin shanu zuwa Arewa, daga nan ya bi ayari ya ƙetare hamada, sai ga shi a Libiya, bakin teku. A can ya sami aikin lebura wurin wasu Turawa masu tonon tsohon gari. Ya ce garin Rumawa ne na zamanin da, rairayi ya haɗiye shi. Akwai ginshiƙan dutse da mutum uku ba sa rungume ɗaya, da daɓen ɗaki da aka jera da ƙananan duwatsu masu launi har suka zama hoton kifi da inabi. Mu muna yara in ya faɗi haka sai mu ƙyalƙyale da dariya, mu ce Kawu ya sha rana a hamada.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda suke tonon. Ya je da ƙarfinsa yana jiran a ba shi diga, sai wata Baturiya ta miƙa masa ɗan cokalin magina da buroshi. Wuni guda, in ji shi, ba su tona abin da ya wuce tsawon ɗan yatsa ba, ƙasar ma sai an tankaɗe ta a rariya kamar garin tuwo. A wurinsu ya koyi karanta ƙasa. Yakan ce ƙasa shafi-shafi ce, wannan shafin toka ne, an yi gobara, wancan yashi ne, an yi ambaliya, kuma ƙasar da hannu ya taɓa juyawa ba ta ƙara kwanciya kamar ta Allah, ko bayan shekara dubu.

Wata rana buroshinsa ya taɓa bakin wata tukunya a gindin bango. Kwana biyu suna share gefenta kafin a ɗaga, aka auna, aka zana, aka ɗau hoto. Cike take da kuɗin Rumawa, sun yi tsatsa kore sun manne da juna. Leburori suna ta murna, shi kuwa ya tambayi Baturiyar ta bakin tafinta, me ya sa mai ita ya binne ta? Ta ce tsoro, wataƙila yaƙi ne ya taso, ya ɓoye da niyyar ya dawo. Daga ranar Kawu ya sami maganar da ya rayu yana maimaitawa:

"Duk tukunyar da ka ga an tono, mai ita bai dawo ba."

Bai dawo Sabo da dukiya ba. Ya dawo da tari, da Larabcin zagi, da kwabo guda na Rumawa mai kan wani sarki da hanci ya goge. Ya tsince shi a tulin ƙasar da aka riga aka tankaɗe, ya jefa aljihu bai faɗa wa kowa ba. Yakan fito da shi ya ce, "Ga zunubina. Da na nuna inda ya kwanta da ya ba da labari. Yanzu maraya ne, ba wanda zai yi masa shaida." Wannan kwabo shi ya jawo masa. Mutanen Sabo suka ce wanda ya nuna ɗaya ai ya ɓoye dubu. Tun ina yaro nake jin ana cewa Kawu yana kwana a kan tukunyar zinariya, alhali muna ganin Inna tana sayar da ƙosai don a ci abinci.

Sana'ar da ya kama ita ce haƙan kabari, kuma unguwar nan ba ta taɓa samun irinsa ba. Makabartarmu ta cika tun tuni, kaburbura kuma ba suna, sai ɗan tudu da fasasshiyar tukunya, ruwan Ibadan kuwa ba ya barin tudu. Kawu zai tsuguna, ya kankare ƙasa da ɗan cokalinsa, ya murza ta a yatsu, ya ce, "Nan da mutum, ku matsa taku biyu." Bai taɓa faɗawa kan ƙashin kowa ba. Ya san inda kowa yake kwance, har baƙon da ya mutu a kasuwar Shasha ba dangi. In ana gaggawa ana cewa rana za ta faɗi, sai ya ce, "Wanda za a sa ba ya sauri, wanda ke ciki ma ba ya sauri. Ku ne kawai."

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya. Yana da taurin kai irin na jakin da ya ga gada, kuma ba ya mantuwa. Ya taɓa yin wata uku ba ya cin tuwon Inna da miya, don ta ce labarin kifin dutse ƙarya ne. Rigimarsu ta kullum kuwa a kan cokula ce. Duk cokalin da ta saya sai ya ɓace, sai a gan shi a aljihunsa baki ya lanƙwashe. Takan tsaya tsakar gida ta ce, "Malam, gidan nan da hannu za mu riƙa juya koko?" Shi kuma ya ce, "Matattu ma suna da haƙƙi a kan cokalinki."

Yanzu na zo inda alƙalamina yake nauyi.

Wata damina, yana haƙa a can ƙarshen makabarta inda ba a taɓa sa kowa ba, sai ya ci karo da tukunya. Ba irin tamu ba ce, ta mutanen da suka zauna wurin ne tun kafin a san za a yi Sabo. Ya leƙa ya ga duwatsun ado shuɗɗa, irin waɗanda Yarbawa ke kira segi, masu tsadar gaske. Ya mayar da murfin, ya rufe yadda ya same ta, ya matsa gaba ya haƙa kabarin wata tsohuwa a gefe. Niyyarsa ya nemi masu ilmin abin a jami'a su zo su ɗaga ta da ƙa'ida. Kuskurensa ɗaya, ya ba da labarin a zaure muna cin abinci, mu biyu, ni da taubashina. Shi ya riƙe taubashin nan tun rasuwar ubansa, shi ya yi masa aure, bai ga dalilin ɓoye masa ba.

Ranar Sallah ƙarama, an kwana biyu ana ruwa, kowa ya tafi idi. Ni na makara, don na tsaya neman hular aro. Ina fitowa lungu sai ga taubashina, laka ja har gwiwa, da buhu a kafaɗa. Na dubi hannunsa na ga babu zoben. Zoben azurfa ne mai jan dutse, na ubansa, wanda ya zo da shi daga Makka, duk dattijon Sabo ya san shi, kuma tun da ya gaje shi bai taɓa cirewa ba.

Ya ce, "Bawana, ka ga wani abu?" Haka yake kirana, wai ɗan mace bawan ɗan namiji ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau idona ciwo yake."

Washegari aka aiko mini da babbar riga ta shadda, ruwan ƙasa, aiki har ciki. Ban taɓa mallakar irinta ba. Na sa ta na zaga Sabo sau biyu, har da bi ta Mokola inda ba ni da abin yi.

Bayan kwana uku aka gano ramin. An yi haƙan hauka da shebur, an fasa tukunyar, gefen kabarin tsohuwar nan ya rufta har likkafani ya bayyana. Unguwa ta ɗauka. Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci aka kira Kawu. Taubashina ne ya miƙe, yana share ido, ya ce shi kam jininsa ne, amma gaskiya ɗaya ce: wa ya iya tonon dukiya a unguwar nan? Wa ya koyo wurin Turawa? Wa ke yawo da kuɗin matattu a aljihu? Ya ƙara da cewa shi ma jarrabawa ta same shi a makon, an zare masa zoben ubansa a tashar mota a Ikko. Har jaje aka yi masa.

Aka tambayi Kawu. Ya ce, "Da ni ne, da ba ku gane an taɓa wurin ba." Gaskiya ya faɗa, amma sai ta zama kamar alfahari. Aka ce wa zai yi masa shaida? Ya juyo ya dube ni. Ina zaune cikin sabuwar riga, sitati bai ko saki ba. Na sunkuyar da kai ina gyara aljihu.

A ranar aka karɓe digar makabarta daga hannunsa. Ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya gyara kabarin tsohuwar. Ya wuni a can shi kaɗai, ya fito da ɗan ƙunshi a tsumma, ya tsaya bakin ƙofa ya ce ba zai sake shiga ba sai a kan makara. Ya kuwa cika.

Abin da ya biyo baya ba duka ba ne, ba zagi ba ne, ya fi su ciwo. In ya shiga sahu sai na kusa ya ɗan janye kafaɗa. Mata suka rage sayen ƙosan Inna, wai ba a san da wane hannu ake ba ta kuɗin wake ba. 'Yarsu tilo sai da manemi biyu suka janye. Shi kuwa taubashina ya sayi mota, ya je Makka, ya dawo da haƙorin zinariya, yana zama sahun gaba. Uwarsa tana raye a lokacin, tana fama da hawan jini, Kawu yana zuwa gaishe ta duk Juma'a har ta rasu bai ce mata komai ba. Amma ɗan nata, ko sunansa bai sake kamawa ba. In dole ta kama sai ya ce "mai shebur".

Sababbin masu haƙa kuwa sai faɗawa kan mutane suke yi. Na tuna wata mata da ta zo daga Shasha, ɗanta ya rasu shekaru da suka wuce, tana so ta nuna wa ƙannensa wurin su riƙa yi masa addu'a. Ba wanda ya sani. A ɓoye aka ce mata ta je wurin tsohon nan. Kawu ya ɗau sandarsa ya raka su har katangar makabarta, ya tsaya daga waje yana nuni da sanda ta sama: "Daga bishiyar can ku ƙirga taku bakwai gabas. Ƙaramin kabari ne, na sa masa bakin tulu a wajen kai. Ranar an yi yayyafi." Yaran suka shiga suka kankare, sai ga bakin tulu. Matar ta durƙusa a titi tana kuka. Ya juya ya tafi gida, bai karɓi ko godiya ba.

Ni fa? Kullum ina kai masa goro, fari, wanda yake so. Yana karɓa, muna hira, bai taɓa tayar da maganar ba. Na ɗauka ya manta, ko bai gane ba. Wawa ai kullum yana zaton shi kaɗai ke da wayo.

Saura kwana huɗu ya rasu ya aika a kira ni bayan azahar. Ya sa Inna ta fita. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma idon nan yana nan. Ya ce, "Rigar nan tana nan?"

Na ce, "Wace riga, Kawu?"

"Ruwan ƙasa. Ta yi maka kyau ranar."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige, kuma na san ko na shige zai gane wurin. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu. Ya ce a ƙarƙashin gadon nan akwai tukunya. Tsingaron da mai shebur ya farfasa ne ya tsince ɗaya bayan ɗaya, ya shekara yana haɗa su da ƙaro. A cikin lakar ramin kuma ya sami zoben, ya suɓuce wa mai shi garin cusa hannu. Na ce to me ya hana ka nuna tun a lokacin? Ya ce, "Ni kaɗai na ɗaga shi, ba shaida. Da sun ce ni na sace. Maraya ne, kamar kwabona. Sai dai mai shi ya yi masa shaida da bakinsa."

Sannan ya ba ni wasiyya. "In mai shebur ya bar ɗakin nan lafiya, ka bar tukunyar, ta kwanta har tashin kiyama, na bar shi da Allah. In ya tona, a tara mutane, kuma da cokali. Amma kada ka tura shi."

Na ce, "Kawu, ni? Tura mutum?"

Ya ce, "Na san ka."

To, ga ikirarina, masu ilmi su yanke hukunci. Ban tura shi ba. Ranar sadakar uku dai na zauna kusa da taubashina, na yi ajiyar zuciya, na dubi ƙofar ɗakin. Ya ce, "Bawana, lafiya?" Na ce ba komai. Can na sake yin ajiyar zuciya. Da ya matsa mini sai na ce, "Ni dai Kawu ya ce kada a taɓa ƙarƙashin gadonsa." Ƙarya na yi? Ko kalma ɗaya ban ƙara ba. In ka ce wa akuya kada ta dubi dusa, laifinka ne?

Kafin sadakar bakwai ya je wurin liman. Kawu bai bar ɗa namiji ba, don haka bayan rabon Inna da 'yarta, saura nasa ne. Ni ɗan mace ko tsintsiya ba ni da ita, shi ya sa kowa ya yarda ba ni da wata manufa. Ya ce ba za a raba gado ba sai an san abin da ke ƙasa, kada a ci haƙƙin marainiya. Marainiyar da bai taɓa tambayar ko ta ci abinci ba, ga ta da 'ya'ya. Inna tana cikin takaba, aka ce ta koma ɗakin 'yarta. Ta tashi ba musu, ta dube ni ta wutsiyar ido. Sai a lokacin na gane ita ma ta sani. Shekara ashirin tana share kan tukunyar nan.

Na ce tunda dukiya ce a yi a gaban shaidu. Da hantsi liman ya zo da dattawa huɗu, biyu daga cikinsu suna wurin ranar da aka karɓe diga. Mata suka cika tsakar gida, samari suka maƙale a taga. Ni kuwa na buɗe adaka na ciro rigar. Asu ya ci kafaɗa, tana warin kafur, cikina ma ya fi ƙarfinta. Wani saurayi ya ce, "Baba, yau Sallah ce, abi?" Na ce, "Ta fi Sallah."

Aka janye gado, birkila ya fasa siminti. Taubashina ya ɗauko shebur, na riƙe hannunsa. "Ranka ya daɗe, in tukunya ce fa? Ka fasa, zinariya ta watse, kowa ya ce ya ga tasa? Yadda Turawa ke yi za a yi. Kuma magaji shi ke tonawa, bawa ba ya taɓa dukiyar ubangijinsa." Aka yi dariya. Aka karɓo cokali wurin Inna, da tsohon buroshin Kawu.

Jama'a, na ga abin da ya wanke mini zuciya. Alhaji guda, da tumbi da haƙorin Makka, ya tuɓe riga ya durƙusa yana kankarar ƙasa da cokalin koko. Kawu kuwa shafi-shafi ya jera masa ita. Farko jar ƙasa, sannan toka, sannan farin yashi, sannan gawayi. Duk shafin da ya ƙare sai in ce, "A hankali, ranka ya daɗe, a tankaɗe." Gumi yana ɗiga daga gemunsa. Samari suna ta "Oya, Alhaji, oya!" Da ya fara gajiya yana cewa ko a bari, sai cokali ya yi ƙara. Kwabon Rumawa ne, an kwantar da shi a tsakiyar yashi, kan sarkin yana kallon sama. Ya ɗaga shi sama. "Ban faɗa muku ba? Ban faɗa ba?" Daga nan ko ruwa bai sake nema ba.

Sai da aka kusa kiran azahar bakin tukunyar ya fito. Duk jikinta layin ƙaro ne kamar fuskar tsohuwa. Ɗaya daga cikin dattawan ya gyara tabarau ya matso yana ƙura mata ido. Taubashina bai ko lura ba, idonsa ya rufe. Ya ɗaga murfi ya zura hannu har gwiwar hannu, ya lalube, ya fito da dunƙulen busasshiyar laka ja. Ya murƙushe ta. Duwatsun segi uku suka zubo, da zobe mai jan dutse.

Bakinsa ya riga hankalinsa. "Zoben Baba! Ashe a ramin ya faɗi!"

Dattawa suka dubi juna.

Liman ya ce a hankali, "Wane rami, Alhaji?"

Dattijon mai tabarau ya ce, "Ba a tashar Ikko aka zare maka shi ba? Ni na fara yi maka jaje."

Taubashina ya ɗago kai. Ya dube ni, wai ko bawansa zai cece shi. Sai na miƙe, na baza hannuwan rigata yadda kowa zai ga ramukan asu, na faɗi duk abin da na gani ranar Sallar nan, da laka, da buhu, da ciwon idon ƙarya, da abin da aka biya ni. Na ce, "Ga farashin Kawu a jikina. Ku dube ni da kyau, don ni ma a ramin nan na faɗa." Ba wanda ya yi dariya, karo na farko a rayuwata da na yi magana a taro ba a yi ba.

Inna ce ta katse shirun daga bakin ƙofa, ta bayan mayafi. "In an gama, a ba ni cokalina."

Ranar Juma'a liman ya yi bayani bayan salla, ya nemi gafarar mamaci a madadin unguwa. Dattawa suka ɗauko tsohuwar digar daga ɗakin ajiyar masallaci suka kai wa Inna har gida. Ta sa aka jingine ta inda gadon yake. Tukunyar da duwatsun uku da kwabon, 'yar Kawu ta kai wa masu ilmin abin a jami'a, ta faɗa musu inda kowanne ya fito, iyakar abin da aka sani. Zoben kuwa Inna ta ce a ba mai shi, gadonsa ne. Iyakar abin da ya ɗauka ke nan, sauran rabonsa kunya ta sa ya bar wa 'yar.

Wasu suna cewa a yafe, mutum ya tsufa, ya daina zama sahun gaba, ya isa haka. Su yafe, Allah ya ba su lada. Ni ban kai nan ba. Hanyarsa ta zuwa masallaci ta gaban teburina take, ba wata. Kullum in ya zo wucewa sai in ɗaga murya yadda masu okada za su ji: "Ranka ya daɗe, bawanka na gaisuwa! Yau ma ba a sa zoben ba?" Wasan taubasai ne, shari'a ba ta hana ba. Rigar kuma na rataye ta a ƙusa a bayan teburin, don in na gama da shi in juya in ga tawa.

Na je makabarta bayan arba'in. Ruwa ya riga ya fara cin tudun, sai da na yi ta lalube, don wanda zai ce mini taku nawa ne daga bishiya shi ne a ciki. Na kafa masa bakin tulu a wajen kai, na tsuguna na ce, "Kawu, ka ce kada in tura shi. Na ɗan jingina da shi ne kawai. Kuma maganarka ta tashi, ka ce duk tukunyar da aka tono mai ita bai dawo ba. Wannan kam mai ita ya dawo, da ƙafarsa, ya tono ta da cokali."

Allah ya yalwata maka wurin kwanciya, kai da ka gyara wa mutanen Sabo nasu ba ka taɓa matse kowa ba. Ya sa ƙasar da ka girmama ta yi maka sauƙi. Ni kuma in tawa ta zo, Allah ya sa kafin nan ka huce.